Ramin da Ya Ba Yayana Aiki

Jiya da hantsi, ina fitowa daga layin mai da ɗan abin da Allah ya hore a tanki, sai ramin nan na bakin kwana ya amsa gaisuwata. Ji kake garam! Salansa ta faɗi, mota ta ɗauki ƙara kamar injin niƙa. Ban ko yi fushi ba. Ni da ramin nan mun saba, tun yana ɗan tsagi nake bi ta kansa, yau ga shi ya zama magidanci.

A rediyon motar kuwa, wanda shi kaɗai ne bai taɓa ba ni kunya ba, Mai Girma Sarkin Almakashi ne ke jawabi. Kun san shi, mutumin da ko rijiya aka yashe sai ya zo ya yanka ƙyalle. Wai masana sun yi bincike, sun gano aikin kanikanci zai bunƙasa a yankinmu, har sai an rasa masu yi. Na ce madalla, bari in kai wa Yayana albishir, tunda dama can salansa ta nufa da ni.

Yayana bakanike ne, tun ina rarrafe yake cikin baƙin mai. Ina isa na tarar babu gareji. Katafila ta bi ta kansa ta shafe shi, Yaya kuma yana zaune a kan wani mataccen inji, ya rungume akwatin sifanu.

"Yaya, lafiya? Gobara aka yi?"

"Cibiya za a gina."

"Cibiyar me?"

"Ta samar wa kanikawa aikin yi."

Rushewar rumfar garejin ba ta dame shi ba. Ramin duba mota yake wa makoki, wanda ya haƙa da hannunsa ya shafe da siminti. Bayansa ya daɗe da daina yarda ya kwanta a ƙarƙashin mota, a tsaye yake aiki cikin ramin. Babu rami babu aiki, ga iyali suna jiran cefane. Wallahi ya ba ni tausayi.

Can gefe na hango wani jami'i mai tumbi, ana riƙe masa laima. Na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, wannan bunƙasar ta ina za ta ɓullo?"

"Ai ta riga ta ɓullo, malam. Da gareji ɗaya ne a nan. Yanzu mai walda ya koma bayan kasuwa, mai wayarin yana bakin tasha, mai faci ya kama gindin bishiya. Kowa ya zama maigidan kansa. Ka taɓa ganin sababbin wuraren aiki da yawa haka a safiya ɗaya?"

Jama'a, ku faɗi gaskiya, wannan basira ba a makaranta ake koyonta ba. Baiwa ce. Da za a ba shi asibiti, kafin azahar kowane majinyaci ya zama likitan kansa.

Na koma wurin Yaya. Ya juya salansata, ya dubi inda ta lotse, ya ce, "Wane ramin ne ya yi wannan aikin?"

"Na bakin kwana."

"Zurfinsa fa?"

"Zai kai maka ƙirji."

Sai na ga ya miƙe, ya karkaɗe wando.

Muka koma kwanar. Ya shimfiɗa katako biyu, na hau da mota a hankali, taya nan taya can, ya zura cikin ramin da sifanunsa. Ya ce ko shi ya haƙa, iyakar kyan da zai yi ke nan. Kafin ya gama ɗaure mini salansa, wata motar haya ta kauce mana ta faɗa ƙanen ramin da ke gaba, ta bar tata salansar a ƙasa. Direban bai ko nemi bakanike ba, leƙowa kawai ya yi ya ce, "Baba, in ka gama da shi ni ne a layi."

Matar Yaya ce kaɗai hankalinta bai kwanta ba. Da na kai shi gida ta tare ni a ƙofa. "To in suka zo suka cike ramin fa? Mu koma ina?"

Ni ma abin ya tsaya mini a rai, har yau da safe da na kunna rediyo. Mai Girma da bakinsa ya rantse cewa kafin damina za a cike ramin bakin kwana, kuma shi zai zo ya ƙaddamar da aikin.

Nan take na kira ta na ce ta kwantar da hankalinta. Yaya ya samu aikin dindindin, har jikoki sa gada.