Rasuwar Aradu, Manyaton Kimba Direba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwan da shiru ya addaba, Malam Kimba Direba na unguwar bayan tasha a nan Dakoro yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da maƙwabtan da tuni labari ya iske su har suka yi hamdala a ɓoye, rasuwar manyatonsa, wato akwatin kiɗansa mai rediyo da lasifika uku, wanda gari ya sani da suna Aradu. Marigayin ya cika ne a ƙauyen Mai Yara, a hannun Bubakar ƙanen matar Kimba, bayan gajeruwar rashin lafiya da ba ta kai tafasar shayi ba.

Ga wanda bai san gidan ba, Kimba shi ne ya yi shekaru yana jan babbar motar kasuwa tsakanin Dakoro da Kornaka da Maradi. A lokacin babu wanda bai san ƙofarsa ba. Mai buhun gero, mai rago, mai amarya da kayan ɗaki, kowa "Direba, Direba". Da yanar ido ta fara rufe masa gani ya ajiye makulli ya koma zaure, sai Allah ya ɗora wa jama'a wata irin mantuwa, har waɗanda ya sha rage wa hanya suka kasa tuna ta wane lungu ake shiga gidansa. A haka autansa Yazidu, mai aikin gini a Aljeriya, ya zo Sallah ya iske uban zaune shi kaɗai yana sauraren kaji. Da ya tashi dawowa wata Sallar, sai ga shi da ƙaton kwali a kai. A cikin kwalin nan marigayi ya shigo Dakoro.

Yazidu ya so ya haɗa kayan da kansa, Kimba ya hana. Ya ce mutumin da ya taɓa sauke injin mota a dajin Tagriss ya mayar, ba jar waya da baƙa za su gagare shi ba. Takardar bayanin da ta zo cikin kwalin, mai harsuna iri-iri, ya ba da ita aka fifita gawayin shayi. Ya zauna tun hantsi yana lalube, ya soka nan, ya zare can, har la'asar ta yi. Lasifikar hagu ta yi magana. Ta dama ta yi gum. Kimba ya bayyana wa iyalinsa cewa baƙunta ce, in ta saba da gida za ta saki jiki. Ana cikin haka matarsa Hawwa'u ta zo wucewa da ƙwaryar tsaki, ta duƙa, ta tura wata waya da ke lilo cikin raminta, abin ya yi wata tsawa da ta sa Kimba ya zame daga kan kujera. Daga nan sunan Aradu ya samo asali. Mai wannan sanarwa yana roƙon a daina yaɗa zancen cewa mace ce ta tashi marigayi. Shi ya riga ya gama aikin, ita dai ta taɓa ne.

Ƙananan lasifikun biyu aka ɗora su kan bulo, dama da hagu na ƙofar zaure, don Yazidu ya ce sai mutum ya zauna a tsakiyarsu yake jin daɗin kiɗa. Kimba ya kafa kujerarsa a wurin, bai ƙara matsar da ita ba. Babbar kuwa, mai gurnani kamar bajimi, aka tura ta ƙarƙashin benci, ta yadda duk wanda ya zauna sai ya ji ganga tana shigarsa ta ƙasa. Da yake ido ba ya ganin rubutu, Kimba ya ɗaura zare a jikin maɓallin ƙara murya don ya riƙa gane shi. Na ragewa bai ɗaura masa komai ba, don bai ga ranar da zai neme shi ba.

Marigayi Aradu ya kasance mai kyauta ƙwarai. Bai taɓa jiran a roƙe shi ba. Wanda ke son kiɗa ya samu, wanda ba ya so ma ya samu, har cikin ɗakinsa. Da safe wa'azi, da rana labarun duniya, da yamma molo da kalangu da gitar mutanen arewa, bai ware mai lafiya da mai ciwon kai ba. Ta dalilinsa kwanonin Hawwa'u suka koyi rawa a kan kabat, yaɓen bangon zaure ya riƙa saukowa da kansa ba sai damina ta wahala ba, kuma tunkiyar Alhusaini tela, maƙwabcin da suka haɗa katanga, ta tsinke igiya ba a ƙara ganinta ba sai a bakin kasuwa. Yana da ladabi kuma. In aka kunna shi yakan ce "tuk!" tukuna, kamar mai gyaran murya kafin ya shiga gidan mutane. In aka haɗa shi da wayar hannu, wata mata a cikinsa takan faɗi wasu kalmomi cikin harshen da duk unguwar ba mai ji, Kimba ya amsa mata da "Lahiya lau, madam."

Ba a rasa masu hassada ba. Alhusaini ya kai ƙara wurin mai unguwa, wai ɗinkinsa ya fara karkacewa, wai ya manta rabonsa da barcin rana. Mai unguwa ya taso da fushi don ya yanke hukunci. Aka yi rashin sa'a ya iso daidai lokacin da marigayi ke kawo gasar kokawa ta ƙasa kai tsaye, an shiga zagayen ƙarshe. Mai unguwa ya tsaya a bakin ƙofa, ya zauna a bakin benci, ya gyara zama. Hukuncin da ya yanke a ranar shi ne, "Kimba, ɗan ƙara mishi murya." Alhusaini ya koma kan kekensa yana magana shi kaɗai.

Babban aikin alherin marigayi shi ne ya warkar da mantuwar nan da ta kama gari. Mutanen da suka ɓace wa ƙofar Kimba duk suka tuno hanya. Benci ya cika, aka ƙaro tabarma, butar shayi ba ta sauka daga wuta. Kimba yana tsakiya, telekomand na sarrafa marigayi daga nesa a hannu kamar sitiyari, kowa na roƙon a sa masa tasa waƙar. Sun sha ce masa, "Wallahi Direba, don kai muke zuwa, kiɗan nan ƙari ne kawai." Shi kuwa ya yarda, don yana son ya yarda. Hawwa'u ta ce ta ji dariyarsa daga madafa, irin wadda rabonta da ji tun yana kan mota, shi ya sa ta haƙura da kwanoninta.

Ajali ya zo ne a kan babur, cikin damina. Bubakar ya samu ɗa namiji bayan jiran shekaru, ya ce sunan nan sai Mai Yara ta girgiza. Ya durƙusa a zaure ya ce, "Yaya, yini guda kawai. Da hannuna zan kai shi, da hannuna zan maido."

Kimba ya ce, "Hannun naka nike tsoro."

Hawwa'u ta leƙo ta ce, "Haba Malam, ƙanena ne hwa. In ka hana shi, da wane ido zan dubi dangi?"

Da wannan aka ci Kimba. Ya ba da Aradu tare da wasiyya: kada a bar shi a rana, kada a bar yara su taɓa, kuma kada a soka shi a wutar da ba a san asalinta ba. Bubakar ya amsa da "to" tun kafin a gama faɗa. Aka ɗaure marigayi da roba a bayan babur, bajimin a kan tanki, Kimba na tsaye a ƙofa yana bin ƙarar babur da kunne har ta ɓace.

Abin da ya faru a can, an same shi daga bakin matan da suka je suna. Gidan Bubakar babu kuran, ba a ja masa wutar lantarki ba. Sai ya aro tsohon injin wuta na wani mai walda, injin da in ya ga dama ya yi tari, in ya ga dama ya yi haniniya. Bubakar, wanda duk iliminsa na lantarki bai wuce canza batirin tocila ba, ya fere wayoyi da haƙori ya haɗa. Shaidu sun ce marigayi ya yi "tuk!" ɗinsa kamar kullum, ya ɗauki waƙa da muryar da ba a taɓa jinsa da ita ba, har mata suka fara guɗa. Injin ya yi haniniya. Aradu ya ce "fiiiii", ya ce "ɓus", hayaƙi ya fito masa ta baya. An ce matar nan ta cikinsa ko sallama ba ta yi ba. Aka ƙarasa suna da kiɗan ƙwarya.

Washegari Bubakar ya maido shi a naɗe cikin tabarma, ya ajiye a hankali, ya ce, "Gajiyar hanya ce, Yaya. A bar shi shi huta." Ya manta cewa ido Kimba ya rasa, ba hanci ba. Direban da ya san warin wayar da ta ƙone tun Bubakar na tsotson yatsa ya sunkuya ya shinshina, ya ɗago. Kafin ya buɗe baki, babur ɗin Bubakar ya kai bakin tasha.

An garzaya da marar lafiya wurin Samba mai gyaran rediyo a kasuwa. Samba ya kwance bayansa, ya leƙa, ya daɗe yana leƙe, ya mayar da murfin ya ce, "Baba, sai haƙuri. Wanga ba ya tashi." Kimba ya ce a kai shi Maradi. Samba ya ce ko Yamai aka kai shi, gawayi dai gawayi ne.

Marigayi ya rasu ya bar lasifiku biyu, dama da hagu, suna kan bulonsu suna kallon juna. Ya bar bajimin ƙarƙashin benci, wanda Hawwa'u ta riga ta auna da ido ta ce zai yi wa kazarta akurki. Ya bar telekomand, maraya, wanda har yanzu Kimba ke samun kansa yana latsawa. Ya bar jakar kaset da tarin wayoyi da ba wanda ya san na mene ne. Ya kuma bar Yazidu, wanda har yau ba a sami mai ƙarfin halin gaya masa ba.

Mai makoki yana miƙa godiya ga Alhusaini tela, wanda ya riga kowa zuwa gaisuwa, cikin sabuwar riga, fuska shar da barcin rana, ya yi "Allah shi maida alheri" har sau uku yana cizon leɓe. Yana godiya ga Bubakar, da ya aiko da zabbi biyu maimakon ya kawo fuskarsa. An karɓi zabbin. Maganar yafiya kuma, Hawwa'u ta ce ba ta ƙara dama fura a gidan nan sai an gama ta, don haka ana sa ran gama ta da wuri. Godiya ta musamman ga 'yan benci, masu zuwa don Kimba. Ranar farko sun zo sun yi jugum. Rana ta biyu rabinsu suka zo. Daga nan ciwon mantuwar ya sake tashi, aka ce an gan su a butik, kantin nan na bakin titi, inda ake nuna ƙwallo a talabijin. Allah ya ba su lafiya. Jiya da yamma Kimba ya dafa shayi cikin babbar buta kamar yadda ya saba, ya jera kofuna, ya shanye na farko da na biyu da na uku shi kaɗai, Hawwa'u ta zo ta kwashe kofunan.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar a ƙofar gidan mamacin. An tuntuɓi liman, ya ce shi ba ya sallar ƙarfe, don haka za a wadatu da tsayuwa. Masu sayen tsohon ƙarfe da suka fara zagaye gidan su sani ba a sayar da gawa. Bubakar ne zai ɗauko marigayi daga zaure, a kansa, a gaban jama'a, ya kai shi makwancinsa a saman kabat ɗin ɗakin Kimba, inda za a lulluɓe shi da zanen Sallah. In ya sauke lafiya bai fasa komai ba, a ba shi hannu a wuce wurin. Za a ci zabbi. Ana roƙon Alhusaini ya rage fara'a har a watse.

Zaman makoki kuwa ba a yanka masa rana ba. Zaure a buɗe yake kullum daga la'asar, benci yana nan, tabarma tana nan, shayi yana kan wuta. Kiɗa ne kawai babu. Waɗanda suka rantse cewa don Kimba suke zuwa, to ga Kimba nan a kujerarsa.