Yadda Za Ka Shanye Yaren Likita Cikin Kwana Uku

Kai mai son zama tafintan likitan Faransi a nan Lome, bi matakan nan. Kwana uku ka ƙware, ko da kanka dutse ne. Hanyar Salahu wanzamin Zongo ce, wanda asibiti ya kwashe masa masu zuwa ƙaho har askarsa ta yi tsatsa. Ya ce to, inda tuwonsa ya koma, can zai bi shi.

1. San abokin karawarka

Likita ba ya cewa ciki, sai "gastaro". Zuciya "kardiyo", hanta "hefato". In ya liƙa "it" a wutsiya, kumburi ke nan. Wai yaren Girka ne da Latin, mutanen da suka mutu suka bar mu da wahala.

2. Kada ka yi hadda

Hadda ta yara ce. Mai furfura sha yake yi. Rubuta, wanke, kurɓe. Da Salahu ya je aron allo, Malam Abdulwahidu ya ce, "Wanzam, allona ba ya ɗaukar maganar matattun Turawa." Sai ya rubuta a murfin akwatin sabulu. Ilimi ba ya zaɓen katako.

3. Raba musu lokaci

Gaɓoɓi da safe, cututtuka bayan la'asar. Kada su haɗu. Salahu ya ga washegari za a gwada masu neman aikin, sai ya wanke "gastaro" da "it" a ƙwarya ɗaya.

Matarsa Haulatu ta ce, "Maigida, ciki da kumburi fa ka gauraya."

Ya ce, "Ke, ilimi ba koko ba ne, balle ya yi gudaji." Ya ɗaga kai ya shanye.

Kafin asuba cikinsa ya kumbura. Wasu sun ce sabulun murfin ne ya kama shi. Jahilai.

4. Je gwaji da ƙafarka

Salahu a bayan maƙwabcinsa Oumarou ɗan dako ya isa asibiti. Likita ya danna cikin. Salahu ya kurma ihu, "Gastarit, Mushe!" Wato kumburin ciki, ranka ya daɗe.

Likita ya jinjina kai, don daidai ne. Sauran kukan kuwa da Hausa ya fito, Oumarou na juyawa da ɗan Faransancin da ya tsinta a bakin jirgi. Likita ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ya ba Salahu gado, ya ba Oumarou aikin.

Gargaɗi

Ni dai cewa na yi yaren zai shige ka, kuma yana shiga, likita shaida ne. Inda ya ga damar zama a jikinka, wannan tsakaninku ne. Kada matarka ta zo ƙofata.