Muciyar Ƙungiya da Ta Ƙi Barin Gidana

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙungiyar 'Yan Golf ta Kurciya, Cif Amaechi, da Sakatariyar Walwala, Madam Ronke, da sauran manyan kwamiti na Samaru da Sabon Gari, ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan iyali da kasuwa suna lafiya, na ga jadawalin shagulgulan sabuwar kakar wasa da kuka turo. Na karanta shi sau uku, kamar yadda nake karanta shafin ƙarshe na littafin soyayya, ko zan ga an canza ƙarshen. Ba a canza ba.

Ku yi haƙuri in fara daga ranar da rayuwata ta juya. Wata Alhamis ce a bara, ina kwance a falonmu na Palladan, na kai daidai wurin da attajirin littafina ke buɗe wa matarsa ƙofar mota, sai na ji tsayuwar keke napep. Maigidana, Malam Japheth, malamin lissafi, ya shigo rataye da doguwar jaka, cikinta sanduna bakwai na gwanjo daga unguwar PZ. Ya ce, "Martina, daga yau mijinki ɗan golf ne."

Littafin ya faɗi daga hannuna. A littattafan da nake karantawa, namiji ba ya buga golf sai yana da gida a Abuja da wani a Dubai. Ban tsaya tambayar yadda mai gida a Dubai ke zuwa cikin napep ba. Washegari na tafi wurin tela. Farar riga, faffaɗar hula, baƙin tabarau. Kwana huɗu ina gaban madubi ina koyon tafa hannu da kan yatsu.

Ga ƙananan koke-kokena, cikin ladabi.

Na ɗaya: filin. An yi mini alkawarin koriyar ciyawa mai laushi. Na yarda, ba ku ne kuka yi alkawarin ba, marubuciyar ce. Abin da na tarar ta wajen Basawa shi ne yashi da aka kwaɓa da baƙin mai a bakin kowane rami, da shanu suna kallonmu. Farar rigar tana nan, da ita nake goge tagogi.

Na biyu, kuma shi ne babba: muciya. Ga mai karatu da bai san al'adarku ba, kowace Asabar ta ƙarshen wata kuna gasa. Wanda ya zo na ɗaya ya ɗauki kofi. Wanda ya zo na ƙarshe a ba shi muciya mai jan kyalle a wuya, ya miƙa wa matarsa a gaban jama'a, ita ce za ta dafa abincin taron wata mai zuwa, na mutum arba'in. Shinkafa da nama daga kwamiti, hannu da hayaƙi daga matar.

Ni babu wanda ya yi mini wannan bayanin. Ranar farko na ga an kira sunan maigidana ana shewa, ya nufo ni da abu mai jan kyalle, ya durƙusa a gabana. Ranku ya daɗe, na yi kuka. Na rungume muciyar a ƙirji, na ce a raina ai wannan wurin ko a littafi ban taɓa karanta irinsa ba. Hoton yana nan a wayoyinku, na san kuna tura wa juna idan kasuwa ta yi sanyi.

A gasa goma na bara, sau tara muciyar ta kwana a gidana. Ta goman zazzaɓi ne ya kwantar da shi bai buga ba, kuma Allah ya gafarta mini, ban taɓa jinyar mutum da irin wannan fara'ar ba.

Na uku: Yammacin Ma'aurata na Disamba. Wata biyu ina shirya wa rawar nan. Na zaɓi inda zan ɗora kaina a kafaɗarsa, na zaɓi abin da zan raɗa masa. Da aka saki kiɗa, ina bayan rumfa tsakanin tukwanen dafa-duka uku, idona na zubar da ruwan albasa. Kafin in wanke hannu in ɗaura ɗankwali, mai kiɗa yana naɗe wayoyinsa. Da wa maigidana ya yi rawa? Da muciya. An tafa masa sosai. Madam Ronke ta same ni ina kankare ƙanzo, ta ce, "Amarya, hannunki akwai albarka. Allah ya bar mana Malam yadda yake." Ni kuma, da wautata, na ce amin.

Na huɗu: sabon jadawalin. Ba a buga ƙwallo ko ɗaya ba tukuna, amma a gefen "abinci" na ga sunana daga Afrilu har Disamba, an ma buga shi da manyan baƙaƙe. Annabci ne wannan, ko tsari? Babu mutum ɗaya a kwamiti da ke sa ran maigidana zai gyaru? Ban zarge ku ba. Ni ma na daina sa rai. Mutum ne na kirki, yana koya wa ɗalibai auna kusurwa tun safe, amma da ya ɗaga sanda sai ƙwallon ta nufi gonar masara kamar can aka haife ta.

Da na ci gaba da haƙuri, irin na matan littafi, waɗanda ke shan wahala har shafi na ɗari biyu kafin a saka musu. Sai Madam Chisom, mai shagon atamfa a Sabon Gari, wadda ita ma 'yar wasanku ce, ta zo taya ni yankan kabeji. Ta ce, "Ke Amarya, ba ki da wayo ne? Shekara uku da suka wuce ni na zo ta ƙarshe. Mijina Oga Iyke ne ya ɗaura zani ya shiga wuta." Na ce, "Abincin ya yi daɗi?" Ta ce, "Ko kare bai ci ba. Amma ni a kujera na zauna."

Na bar wuƙar a cikin kabejin.

Tsorona ɗaya ne. Jiya na ɗauki sandar maigida na gwada a bayan gida, ƙwallon ta tafi a miƙe ta faɗa cikin bokitin da na nufa. Wata tara na tuƙa tuwon mutum arba'in ya ƙarfafa mini hannu. Amma kada ku damu, zan yi iya ƙoƙarina in bi sawun maigida zuwa gonar masara, in ma wuce shi.

Roƙona ɗaya: a Disamban bana kada a saki kiɗa sai mai girki ya wanke hannu ya fito. Rawa ɗaya nake jira, ko da yana warin albasa.

Na cike takardar shiga ƙungiya, na kai shagon Cif da kaina. Ranar buɗe kaka zan buga, zan zo ta ƙarshe, zan durƙusa gaban Malam Japheth in miƙa masa muciya. Ku gyara sunan da ke jadawali.

Taku mai biyayya har ƙasa, da sanda a hannu,

Martina Japheth (Amarya)
Palladan, Zariya