Liƙin Alhaji Ɗanliti a Kanada

Akwai wani shiri da ake yi duk Asabar a wani gidan talabijin na Kanada, inda Turawa ke sa malafa da dogon takalmi, su zauna kan damin ciyawa suna kaɗa jita, suna waƙa ta hanci kamar masu mura. Alhaji Ɗanliti, wani ɗan Gumel mai tuƙa tasi a Kalgari, ba ya fahimtar ko kalma ɗaya ta waƙoƙin, amma ya lura kyamara na yawan haska 'yan kallo. Ga shi yana neman shugabancin ƙungiyar Hausawan garin, abokin takararsa kuma likita ne. Sai ya yanke shawarar nuna wa jama'a waye babban mutum. Ya sayi tikitin layin gaba, ya bi kowa da waya a kan ya kunna talabijin.

Ranar ya ci babbar riga ta shadda, ya kafa hula. Wani dogon Bature mai gashin baki ya fito ya fara rera wata waƙa a hankali, idonsa har da ƙwalla, yana ba da labarin yadda wani mai kuɗi ya raba shi da matarsa. Alhaji ya ga mawaƙi ya dage haka amma ba wanda ya motsa, rowar Turawa ta ba shi haushi. Ya miƙe ya haye dandali, yana washe baki, ya shiga manna wa Bature daloli a goshi, suna zamewa yana ƙara wasu. Bai ankara ba ƙarti biyu suka ɗauke shi cak, rigar na jan ƙasa, duk Hausawan Kalgari suna kallo kai tsaye.

Ya dawo gida yana huci, ya tarar da matarsa Hajiya Tasalla ta kashe wayarta saboda yawan kira.

"Mutanen nan ba su san arziki ba," in ji shi. "Mawaƙi ko sunana bai tambaya ba. Me na yi da za a wulaƙanta ni?"

Hajiya ta ci gaba da ninke kayan wanki, ta ce, "Alhaji, mutum yana kuka wani mai kuɗi ya ƙwace masa mata, sai ga ka da babbar riga kana dariya kana miƙa masa kuɗi. Ai sun ɗauka sadakinsa ka zo mayar masa."