Ranar Da Na Yaƙi Titin Manja

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tashi ceton garinmu da taswira a hannu. Lokacin ruwan Tiga bai daɗe da cinye tsohon ƙauyenmu ba, an maido mu sabon matsuguni a ƙasar Bebeji, ni kuwa sabon malamin firamare ne, ina jin boko har cikin tafiyata.

Wasu ma'aikata daga Kano suka kawo wa Dagaci taswirar yadda za a ja magudanar ruwan noman rani da hanyar mota, suka ce an ba mu mako guda mu duba, mai ƙorafi ya faɗa kafin a sa katafila. Hankalin mutane ya tashi, don turba ɗaya ce ke kai mata rijiya, yara makaranta, tsofaffi masallaci, ga tsamiyoyi suna yi mata inuwa. Dagaci ya miƙo mini takardar. Na karɓa ina murmushin masana (Allah ya sani, taswirar da na taɓa gani ta Afirka ce a bangon aji).

Kwana shida ina shimfiɗa ta a tabarma, ko ƙosai nake ci idona na kanta. Rana ta shida na hango wani jan layi ya ratsa turbar, ya bi ta kan masallaci, ya faɗa rijiya. Murna ta kama ni, wai na gano abin da aka ɓoye. Kafin la'asar na sanar da rabin gari.

Ranar taro na aro kwat, hannunta bai kai wuyan hannuna ba. Ƙofar gidan Dagaci ta cika, mata na leƙe ta saman katanga. Na miƙe na yi jawabi mai zafi, har da Turanci biyu-uku da ni ma ban tabbatar da ma'anarsu ba. Na ce titin da zai rushe masallaci sai dai ya bi ta kaina. Aka yi kabbara.

Injiniyan da ya zo daga Kano, wani dogo mai sanyin magana, ya karɓi taswirar. Da farko ya juya ta, don ashe a kife na riƙe. Ya ƙura wa layin ido, ya kankare da farce, ya sansana.

“Malam,” ya ce, “wannan titin da manja aka yi shi.”

Dagaci ya tusa bakin rawani a baki, kafaɗunsa na rawa. Wata ta faɗo daga katanga don dariya. Ni kuwa gumi ya jiƙa kwat ɗin mutane.

Taron na shirin watsewa a haka, sai Gwaggo Tabawa mai fura ta matso. Ta ce ita ba ta san takarda ba, amma a nuna mata inda za ta tsallaka magudanar in za ta rijiya. Injiniya ya nuna gadar mota, can bayan gonaki.

“To ɗan nan, taso mu taka tare,” ta ce, ta ɗora tulu a ka.

Duk gari muka bi su cikin rana, ni a can ƙarshen layi. Kafin a kai rabi injiniya ya kwance maɓallin wuya, ya nemi inuwa ya rasa. A nan tsaye ya ciro alƙalami ya zana ƙaramar gadar ƙafa a kan turbarmu, ya kuma karkatar da hanyar mota don tsamiyoyi su tsira.

Gadar na nan har yau, haka sunan da na samu. Jikokin ɗalibaina ma Malam Manja suke kirana, ba su san dalili ba. Tun daga ranar, in aka kawo tsarin gari a ce mu duba, ina fara tambayar masu taka hanyar kullum, sannan in wanke hannu da sabulu kafin in taɓa takarda.