Ranar da Darakta Ya Leƙo Daga Bayan Labule

Idan ana lissafin manyan mutanen da Allah ya albarkaci unguwar nan da su, dole a fara da Darakta, don in ba a fara da shi ba, shi zai miƙe ya fara da kansa. Cikakken laƙabinsa yana rubuce a allon da ya kafa a ƙofar gida: Babban Darakta kuma Mai Assasa Cibiyar Ilimantarwa ta Hanyar 'Yan Tsana. Allon ya fi ƙofar faɗi. Cibiyar kuwa ɗaki ɗaya ce da a da ake ajiye gawayi da fasassun bokitai. Ma'aikatanta su ne shi kansa, da matarsa mai ɗinka 'yan tsanan, da ƙanensa mai ɗaukar kaya da kaɗa ganga. Maƙwabta, saboda tsabar girmamawa, suna kiransa Uban Tsumma, amma sai ya ba da baya.

Mutum ne mai kwarjini. Yana sa tabarau ko da yake idonsa garau yake, yana rataye da jakar fata da ba a taɓa ganin an buɗe ta ba. Tumbinsa kan riga shi shiga kowane ɗaki ya sanar da isowarsa. Duk wanda ya kuskura ya ce masa, “Yaya wasa?” to ya jawo wa kansa lacca a tsaye cikin rana.

“Ba wasa muke yi ba, malam,” in ji shi, yana ɗaga ɗan yatsa. “Gina ƙwaƙwalwar al'umma muke yi ta hanyar fasahar yatsu. Ka riƙa bambancewa.”

Sai dai gaskiya ɗaya ce, kuma ko maƙiyinsa ba ya musunta ta: Darakta yana da baiwa. Baiwar tana zaune a hannunsa na hagu, sunanta Gwaggo Akuya. Tsohuwar safa ce da matarsa ta cusa wa soso, ta sa mata manyan maɓallai a matsayin idanu, da gemu na zaren buhu, da kunnuwa masu lilo. A rataye a ƙusa tsumma ce kawai. Amma da zarar Darakta ya durƙusa a bayan labule ya zura mata hannu, sai ta rayu. Ta karkata kai, ta yi tuƙa, ta yi atishawa, ta saci abinci ta ci ba ta wanke hannu ba, sannan ta riƙe ciki tana birgima tana kiran uwarta. Ta yi ƙirge ta tsallake bakwai da gangan, yara su yi mata ca su gyara mata. A haka yaran makarantun firamare na yankin suka koyi wanke hannu da ƙirge da tsallaka titi, suna dariya har da hawaye. A haka kuma tukunyar gidan Darakta take hawa wuta.

Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne, ba wanda ya san da shi. In an tashi wasa, yara kan yi tururuwa su taɓa gemun Gwaggo, suna tattake masa takalmi ba ko sannu. Wata malama ta taɓa cewa ya ɗan matsa gefe za ta ɗauki akuyar hoto. Wani shugaban makaranta ya ba shi hannu ya ce, “Sannu da tuƙi,” wai ya ɗauka direba ne. Darakta ya haɗiye, amma abin bai wuce maƙogwaronsa ba.

Abin ya kai intaha ne a shagon wanzami. Yana zaune an yafa masa ƙyalle, sai ya hango zanen Gwaggo Akuya manne a jikin madubi, aikin 'yar wanzamin. Ya yi gyaran murya, ya bari aka ɗan yi shiru, sannan ya sanar da cewa duk wani motsi da wata kalma da waccan dabba take yi daga gare shi suke fitowa.

Wanzami ya kashe injin aski. Ya leƙa fuskarsa da murna.

“Ashe kai ne akuyar! Jama'a, ku zo ga akuyar makaranta! Don Allah ɗan yi mana kukan nan ko sau ɗaya.”

Darakta ya bar shagon da rabin aski.

Yana isa gida ya kira taron gaggawa na hukumar gudanarwa. Hukuma ta hallara: matarsa da kwanon albasa a cinya, ƙanensa zaune a kan ganga. Darakta ya tsaya, ya dafa keken ɗinki da hannu biyu.

“Shugabar Sashen Ɗinki, Shugaban Sashen Kaya, ina yi muku barka da zuwa. Bayan dogon nazari, na gano cewa cibiyar nan ta girmi akuya. Al'umma tana ƙishirwar abin koyi, ba abin kiwo ba. Daga yau an sallami waccan dabba daga aiki. Za a ɗinka sabon jarumi mai ilimi da kamala, sunansa Farfesa. Kamanninsa kuwa ba sai an je da nisa nema ba.”

Ya juya musu gefen fuskarsa da aka gama askewa.

“Baban yara,” in ji matarsa, “ka manta Sufeto ta hukumar ilimi za ta zo kallo a makarantar bakin kasuwa? Ita za ta ce a ci gaba da mu ko a sallame mu daga duk makarantun. Akuyar nan fa ita ke ciyar da mu.”

“Yaya, gaskiya ta faɗa,” in ji ƙanensa.

“An ji ra'ayoyinku, an gode,” in ji Darakta. “Ƙuri'a ta nuna kowa ya amince. Taro ya tashi.”

Aka jefa Gwaggo a kwali aka tura ƙarƙashin gado. Matar ta hau keke. Da yake hannunta ba ya ƙarya, ɗinkin farko ya fito Darakta sak, har da kumatu da sanƙo da tumbi. Darakta ya dube shi ya ce wannan cin mutunci ne. Aka rage tumbi. Ya ce hanci ya yi faɗi, aka tsuke. Ya ce a ƙara gashi, a tsawaita wuya, a sa tabarau na waya da hula irin tasa. Aka warware aka ɗinke har yadin ya fara neman afuwa. Da aka gama, Farfesa ya fito kyakkyawan saurayi mai siririn wuya, ba abin da ya haɗa shi da Darakta sai hula da tabarau. Darakta ya riƙe shi a gaban madubi, idonsa ya ciko da ƙwalla.

“Kamar an tsaga kara,” in ji shi.

Wasan ma shi ya tsara da kansa. Babu atishawa, babu birgima. Farfesa zai fito ya ba da tarihin wani bawan Allah da ya sadaukar da rayuwarsa don ilimi, tun daga ranar da aka haife shi, wadda aka ce an kwana ana ruwa. Ana ta gwaji a ɗakin gawayi, ƙanen yana gyangyaɗi a kan ganga, Darakta yana cewa zurfin maganar ne ya sa shi rufe ido.

Ranar ta zo. Aka kafa katakai a filin makaranta, aka ɗaura labule. Yara suka zauna a tabarmi aji aji, ƙanana a gaba. Sufeto ta iso, wata dattijuwa 'yar ƙarama mai sanda, ta ƙi kujerar gaba, ta ce a kai mata can baya ƙarƙashin bishiya, don ita yara ta zo kallo, ba tsumma ba.

Ganga ta yi ƙara. Farfesa ya ɓullo saman labule, ya gyara tabarau.

“Ya ku manyan gobe,” in ji shi da muryar mai karanta labarai, “a yau za mu yi tsokaci kan rayuwar wani gwarzo.”

Yara suka jira akuya ta fito ta cinye masa hula. Ba ta fito ba. Gwarzo ya yi rarrafe, gwarzo ya yi haƙori, gwarzo ya shiga makaranta ya ba malamai mamaki. Kafin gwarzo ya gama aji uku, yara sun fara tsungulin juna, wasu sun nemi izinin fitsari a jere. Sai wata murya daga tsakiya ta ce, “Ina Gwaggo?” Filin ya ɗauka gaba ɗaya, da tafi da buga ƙafa: “Gwaggo! Gwaggo! Gwaggo!”

A bayan labule, Darakta yana durƙushe gumi na tsiyaya daga haɓarsa. Ya ɗaga murya, suka ɗaga tasu. Zuciya ta ɗebe shi. Ya yi abin da ko ɗan koyo ya san ba a yi: ya miƙe tsaye. Wani ƙaton kai ya ɓullo kusa da na Farfesa, kumatu na rawa, idanu jajir, tabarau a karkace.

“Ku yi mini shiru, marasa tarbiyya! Kun san wanda ke muku magana kuwa?”

Sai wata 'yar aji ɗaya ta tsala ihu, na kusa da ita suka taya ta, layin gaba ya watse, wasu da takalmi ɗaya. Malamai suka bi su suna tarowa.

Ƙanen ya kama rigar Darakta ya fizgo shi ƙasa. Matar ta buɗe jakarta, ta zaro Gwaggo Akuya da ta ɓoye a ƙarƙashin zani, ta cusa masa a hannun hagu ba tare da neman izinin hukuma ba.

“Baban yara, ko ka yi kuka yanzu a nan, ko mu yi shi tare a gida.”

Hannun bai jira shawarar mai shi ba. Ya ɗaga sama, kunnuwa na lilo, maƙogwaro ya saki kukan da ya saba. Filin ya kaure. Waɗanda suka gudu suka dawo da gudu. Gwaggo ta dubi Farfesa sama da ƙasa, ta shinshine shi, ta yi atishawa, ta ja da baya ta tunkuye shi a ƙirji. Darakta yana ji yana gani hagunsa ta yi wa damansa dukan tsiya, ta cire masa hula ta tauna, ta sa shi wanke hannu yana ƙirgawa tare da yara. Duk haushin da ke cikinsa ta bakin akuya ya fita, kuma tun da aka kafa cibiyar ba a taɓa wasa mai daɗin wannan ba.

Da aka tashi, ya cire hula da tabarau da babbar riga, ya zauna a kan ganga daga shi sai singileti, yana haki. Yana goge gumi yana shirya yadda zai bayyana cewa duk abin da ya faru dabara ce ta zamani da ya daɗe yana nazari a kai. Sai ga Sufeto tana dogara sanda. Ya zabura ya miƙe, ya buɗe baki. Ta wuce shi ta nufi matarsa.

“Ke kike ɗinka su, 'yata? Madalla. Akuyar nan ta ci gaba, duk makarantu. Shi ma mai siririn wuyan a bar shi, yana da amfani wajen shan duka.” Ta ɗan rage murya. “Amma wancan babban da ya leƙo a tsakiya, mai kumatu, a cire shi. Idona ba ya gani sosai daga nesa, amma ko daga can na ga bai ɗinku ba. An cusa masa soso ya yi yawa, ga shi ko kama da mutum bai yi ba.”

Matar ta dubi mijinta, ta sunkuyar da kai cikin ladabi.

“Wallahi Mama, shekara da shekaru ina fama da shi. Ya ƙi gyaruwa.”