Ranar da Na Ɗauki Sandar Malam

Mijina, Allah ya jiƙansa, har yau in na ambace shi sai hawaye. Shi ke koya wa samarin Durba wasan sanda, kuma ba ya barin kowa ya koyar sai ya iya kare dukan da shi Malam zai kai masa. Ya rasu bai gwada babban almajirinsa Jauro ba. Na rantse ni zan gwada shi, ai na daɗe ina kallo daga bakin murhu.

"Inna, ki rufa mini asiri," in ji Jauro.

"Kare kanka."

Na kai duka iya ƙarfina. Ya goce, sandar ta ja ni, na zube cikin kwamin da awaki ke shan ruwa.

Jauro yana koyarwa yanzu. Ni kuwa ko muciya na ɗauka, sai jikokina su ce, "A kwashe awaki, Inna za ta yi gwaji."